Ƙarin ɗaki ɗaya a Lusk, da wata goma sha huɗu na bin ofisoshi

A 2019 muka sayi gida a Lusk, wani tsohon ƙauye da ya fara zama gari a arewacin Dublin, cikin ƙaramar hukumar Fingal a ƙasar Ailan. Arha ce ta kai mu, da kuma jirgin ƙasa da ke bi ta tashar Rush and Lusk. Gidan yana cikin tsohon gari, a kan wani titi mai lanƙwasa kamar lauje, kuma daga tagar madafa ana hango wata doguwar hasumiyar dutse mai hular tsini. Shekara biyu da rabi ina kallonta ina wanke-wanke, ban taɓa tambayar wanda ya gina ta ba. Iyakar abin da na taɓa cewa uwargida shi ne ta fi hasumiyar Gobarau ta garinmu Katsina tsawo, muka yi dariya, aka wuce wurin. A watan Janairun 2022 muka yanke shawarar ƙara ɗaki ɗaya da bayi a bayan gida, saboda yara sun girma kuma surukata za ta zo ta daɗe. Na ɗauka aikin wata uku ne.

Wani ɗan kwangila da aka haɗa ni da shi ya zo ya auna da ido, ya ce babu ruwana da neman izini. Hujjarsa ita ce a dokar tsara gine-gine ta lokacin, ƙari a bayan gida da bai wuce murabba'in mita 40 ba ba ya buƙatar izinin ƙaramar hukuma. Gaskiya ce, amma rabi. Na ba shi kafin alƙalami Yuro 1,500 muka sa ranar fara haƙa. Saura kwana tara, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da aka haifa a layin, ta ga an sauke yashi a ƙofa, ta leƙo ta kan shinge ta tambaye ni ko na sanar da mutanen tarihi. Na ce waɗanne mutanen tarihi? Ta nuna hasumiyar da sandarta, sannan ta zana da'ira a iska, ta ce duk muna zaune ne cikin gidan 'yan zuhudu, wato malaman Kirista na dā masu keɓe kansu don ibada. Na yi murmushin ladabi irin wanda ake yi wa tsoho, amma maganar ta hana ni barci.

Da daddare na shiga shafin intanet na hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasar, National Monuments Service, inda suke da taswirar da kowa zai iya buɗewa kyauta. Kowane wurin tarihi ɗigo ne mai lamba, na yankin Dublin duk sun fara da DU, kuma kewaye da ɗigon an shafa launi mai nuna iyakar da dole a sanar da hukuma kafin a taɓa ƙasa. Tsakiyar Lusk gaba ɗaya a shafe take, gidanmu yana ciki tsundum. Dokar wuraren tarihi ta 1994 da ake aiki da ita a lokacin, sashe na 12, ta ce duk mai niyyar aiki a wurin da ke cikin kundin wuraren tarihi ko kusa da shi sai ya rubuta wa minista sanarwa, kuma ba zai fara ba sai bayan wata biyu. Ba ruwan wannan doka da girman ɗakin da za ka gina. Washegari na kira ɗan kwangilar, ya ce shi ya sha yin aiki a irin wuraren ba wanda ya ce masa uffan, a haƙa da sassafe a zuba kankare kafin la'asar, shike nan. Na ce a'a. Muka rabu, kuma daga cikin kuɗina Yuro 900 kawai suka dawo, bayan kira ya fi goma.

Daga nan na nemi mai zanen gine-gine, abin da ya kamata in fara yi tun farko. Ta zo da ma'auni na gaske, nan take ta gano matsala ta biyu: sassaucin mita 40 ɗin yana da sharaɗin a bar aƙalla murabba'in mita 25 na fili a bayan gida, namu kuwa 21 zai rage. Ke nan ko babu batun tarihi sai mun nemi izini. Ta gaya mini cewa wanda ke shakka ko aikinsa yana buƙatar izini zai iya biyan Yuro 80 ƙaramar hukuma ta ba shi amsa a rubuce cikin mako huɗu, amma mu babu shakka a namu, don haka muka tsallake. Ta nemi mana zaman tuntuɓa da jami'in tsare-tsare kafin shigar da takardu, wanda kyauta ne. An yi shi ta waya, bai kai minti ashirin ba, kuma jami'in ya faɗa mana ƙarara cewa a tsohon garin Lusk mu sa rai za a nemi binciken ƙasa. Mai zanen ta ba ni shawara mu yi binciken tun yanzu mu haɗa da takardun. Na dubi aljihuna na ce mu bari sai in an nema. Wannan rowar ta ci mini kusan wata uku.

Takardun neman izinin su ne fom, zanen ginin, taswirar wurin, kwafin sanarwar da aka buga a jarida, da kwafin wadda aka kafa a ƙofar gida. Ta jarida dole a buga ta cikin mako biyu kafin shigar da takardu, kuma sai a jaridar da ke cikin jerin da ƙaramar hukuma ta amince da su. Ta ƙofar gida kuma sai ta zauna mako biyar inda mai wucewa zai iya karantawa. Iskar Ailan ta yage tamu sau biyu, har na sa ta cikin leda na buga a katako. Kuɗin shigar da takardu Yuro 34 ne kacal, shi ne mafi arha a dukan tafiyar, domin sanarwar jarida kaɗai ta ninka shi kusan sau biyar, mai zane kuma ta karɓi Yuro 2,400. Mun shigar a farkon Afrilu, azumi ya kwana biyu ko uku. A mako biyar na farko kowa yana da damar biyan Yuro 20 ya rubuta ƙorafi ko ra'ayi, kuma a cikin wannan lokacin ne ƙaramar hukuma ke aika takardun ga sashen ma'aikatar da ke duba al'amuran tarihi. Doka ta ba su mako takwas su yanke hukunci. A mako na bakwai wasiƙa ta zo, ba amincewa ba, ba ƙi ba: neman ƙarin bayani. Suna son rahoton masanin tonon tarihi mai lasisi, tare da ramukan gwaji a inda za a yi harsashi. Agogon mako takwas ya tsaya, mu kuma muna da wata shida mu amsa, in ba haka ba a ɗauka mun janye.

Na kira kamfanoni huɗu na masu wannan aiki, biyu suka amsa, farashinsu ya bambanta da kusan Yuro dubu. Na ɗauki wata mata da ta taɓa aiki a yankin, a kan Yuro 2,200 na rahoto da yini ɗaya na tono, ban da hayar motar haƙa. Abin da ban sani ba shi ne ita ma ba za ta iya soka cebur a ƙasata ba sai ta nemi lasisi na musamman don wannan fili. Lasisin da sunan mutum ake bayarwa, ba kamfani ba, sai ta rubuta yadda za ta yi aikin dalla-dalla, hukumar wuraren tarihi ta duba tare da shawarar gidan tarihi na ƙasa. Ta ce in sa ran mako uku zuwa sama. Namu ya fito a mako na biyar, da lamba mai farawa da 22 sai harafin E. Ta kuma ce in gode Allah gidan ba jingine yake da hasumiyar ba, domin ita tana hannun gwamnati a matsayin abin tarihi na ƙasa, aiki a gindinta sai da yardar minista, wata takarda ce daban mai tsawon hanya.

Kafin lasisin ya fito ta ce in raka ta zagayen gari, tana buƙatar hotuna don rahoton. Wannan yammacin ne ya sauya yadda nake ganin unguwata. Ta ce wani bishop mai suna Mac Cuilinn ne ya kafa wurin a ƙarni na 5, zamanin da Kiristanci ke shiga tsibirin, kuma littattafan tarihi na shekara-shekara da malaman coci suka rubuta sun ambaci rasuwarsa wajen 496. Sunan garin daga kalmar Lusca ne, wato kogo ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa a harshen Ailan, kuma labarin baka ya danganta shi da inda malamin ya zauna ko aka binne shi. Ni da na ji gidan zuhudu sai in kawo babban gini mai ɗakuna a raina. Ta ce ba haka na farko suke ba. Fili ne da aka kewaye da ganuwa da gwalalo, wani lokaci zobe biyu ko uku, ɗaya cikin ɗaya. Tsakiya ce mafi tsarki, nan coci da maƙabarta suke. Zoben waje kuma na bukkoki ne, da maƙera, da masu sassaƙa, da rumbuna, da dabbobi, da iyalan da ke yi wa cocin noma. Da take bayanin, abin da ya zo mini shi ne tsangayar da ta girma har ta zama gari: malami ya sauka, almajirai suka taru, 'yan kasuwa suka biyo. Ganuwar Lusk ta daɗe da bajewa, amma mutane sun ci gaba da bin gefenta ƙarni bayan ƙarni, har hanyar ƙafa ta zama titi. Lanƙwasar layinmu, wadda kullum nake tsaki a kanta in zan fito da mota, sawun ganuwar ce.

Hasumiyar kuwa ta zo daga baya, ƙarni na 10 ko na 11. Tsawonta ya kai mita 27, kuma sunan irinta a harshensu yana nufin ɗakin ƙararrawa. Galibin irin waɗannan hasumiyoyi ƙofarsu tana can sama sai da tsani, amma ta Lusk ba ta kai mita ɗaya daga ƙasa ba yanzu, saboda ƙasar maƙabartar ta yi ta tasowa. Wajen 1500 aka gina wata hasumiya mai kusurwa huɗu jingine da ita, aka yi wa kusurwa uku ƙananan hasumiyoyi masu zagaye, tsohuwar ta zama ta huɗu, shi ya sa daga nesa ba ka gane cewa ɗaya ta girmi sauran da shekaru ɗaruruwa. A cikin mai kusurwa huɗun akwai kabarin Christopher Barnewall da matarsa mai sassaƙen siffarsu, na 1589, cocin da ke manne da su kuma na 1847 ne. Wurin ya sha wuta. Mayaƙan teku 'yan Baikin sun washe shi sun ƙona a 827, suka sake ƙona ɗakin ibadar a 856. Mafi muni kuma ba baƙi ne suka yi ba: a 1089 mutanen Munster da ke kudancin tsibirin, 'yan ƙasa, suka cinna wa garin wuta, mutum 180 suka ƙone cikin cocin dutse. Da muka biyo ta Church Road ta tsaya ta ce a nan, lokacin wani aikin hanya, an tono kaburbura na farkon zamanin wurin, ciki har da maza biyu a rami ɗaya da aka sare wa kai, ɗayan da tsinin mashi a jikinsa. Tsakanin wurin da bayan gidana tafiyar minti kaɗan ce. Sai a lokacin na fahimci abin da ɗan kwangilar nan yake so in zuba wa kankare kafin la'asar.

Ranar tono ta faɗo kwana kaɗan bayan Babbar Sallah. Lungun gefen gidanmu ƙunci ne da shi, sai da aka nemo ƙaramar motar haƙa da za ta iya shiga, Yuro 380 da direbanta. Sharaɗi ne bokitin motar ya zama marar haƙora, don ya riƙa fere ƙasa kaɗan-kaɗan ba yaga ba. Aka ja rami biyu dogaye. Na farko ba komai sai baƙar ƙasar lambu, da fasassun kwalabe, da tsingaron tangaran na zamanin baya-bayan nan, har aka kai jar laka ta asali. A na biyu, an yi zurfin da bai kai ƙugu ba sai ta ɗaga hannu, direba ya kashe inji. Ta sauka da ɗan cokalin magini tana kankara. Ni ban ga komai ba sai ƙasa, amma da ta yayyafa ruwa sai ga layi ya fito sarai, gefe guda ja, gefe guda baƙi-baƙi, yana ratsa ramin a karkace. Bakin tsohon gwalalo ne da ya cike. Cikinsa akwai gawayi, da ɓawon kawa ta teku, sai kuma ƙashi. Da na ga ƙashin nan gwiwata ta yi sanyi, domin ta riga ta gaya mini cewa in aka ci karo da na mutum aiki ya tsaya, a kira 'yan sanda da jami'in binciken mutuwa, a sanar da gidan tarihi, a kawo masanin ƙashi, kuma kuɗin duk a wuyan mai gini. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Baban yara, lafiya na ga ka dafe bango?" Mai tonon ta juya ƙashin a tafinta ta ce na saniya ne, ga ma sawun wuƙa. Ragowar abincin wani ne.

Na tambaye ta ko zan iya ajiye ɗan guntu ɗaya in nuna wa yara. Ta ce a'a. A dokar ƙasar duk wani kayan tarihi da aka samu wanda ba a san mai shi ba na gwamnati ne, ko a cikin gidanka aka same shi, kuma a lokacin wanda ya tsinta da kansa yana da awa 96 ya sanar da gidan tarihi na ƙasa. Hatta yawo da na'urar gano ƙarfe don neman irin waɗannan kaya laifi ne in babu izini. Da na ba mahaifina labari ta waya sai ya yi dariya ya ce, "To kai da ka sayi gida, ashe saman kawai aka sayar maka." Na ce, "Haka ne, Baba." Daga nan hirar ta koma kan ganuwar birane a gida, yadda ake ɗibar ƙasarta ana yin bulo, muka yi shiru dukanmu.

Ta auna, ta zana, ta ɗauki hoto, ta shimfiɗa wani farin yadi mai kauri a kan gwalalon, aka mayar da ƙasa. Rahoton ya zo bayan mako uku, kuma ya ba da zaɓi biyu. Ko dai a tone sashen gwalalon gaba ɗaya da hannu a rubuta komai kafin a yi harsashi, ko a sauya harsashin yadda ba zai kai wurin ba. Tsarin ƙasar ya fi son a bar abu inda yake, aljihuna ma haka. Injiniya ya sake lissafi, maimakon ramuka masu zurfi a ƙarƙashin kowane bango ya zana faifan kankare guda mai rodi wanda zai zauna a sama, ya karkatar da bututun bayi ya bi ta ɓangaren ramin farko. Ya karɓi Yuro 750, sabon harsashin kuma ya fi na farko tsada da kusan 1,800. Muka mayar da amsa a ƙarshen Agusta. Daga ranar da suka karɓa suna da mako huɗu, kuma a cikin na huɗun takardar amincewa ta zo da sharuɗɗa, ɗaya daga ciki shi ne mai lasisi ta tsaya a kan duk wani haƙa.

A nan ma na kusa yin wauta. Wannan takarda sanarwar hukunci ce kawai, ba izinin ba. Sai an jira wasu mako huɗu na ɗaukaka ƙara, in babu wanda ya ɗaukaka sannan izini na ƙarshe ya fito. Bayansa kuma akwai sanarwar fara aiki ga sashen kula da ingancin gini, Yuro 30, wadda dole a shigar tsakanin kwana 14 zuwa 28 kafin a fara. Da izinin ƙarshe ya fito Nuwamba ta shigo, rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, sabon maginin kuma ya cika da aiki. Sai tsakiyar Janairun 2023 aka fere ƙasa, matar tana tsaye cikin ruwan sama yini biyu, kowane yini Yuro 350. Ba a taɓa gwalalon ba. A watan Maris aka sa ƙofa.

Wanda zai sayi gida a tsohon ƙauye a Ailan, musamman inda ya ga hasumiya mai zagaye, ko tsohuwar maƙabarta, ko titi mai lanƙwasa ba dalili, ko sunan gari mai farawa da Kil wanda sau da yawa daga kalmar coci yake, ya buɗe taswirar nan tun kafin ya sa hannu, minti biyar ne. Kada ya ba magini ko sisi sai mai zane ya auna. In an ce masa za a nemi binciken ƙasa, ya yi shi tun farko ya haɗa da takardunsa, jiran lasisin ya tafi tare da lokacin zane maimakon ya biyo bayansa. Ya tambayi masu tonon a rubuce ko farashinsu ya haɗa da motar haƙa, da gwajin ɗakin bincike, da rahoton ƙarshe, domin bayan na farko akwai cikakke da lasisi ya wajabta cikin shekara guda. Ya kuma ware kuɗi a gefe: abin da tarihi kaɗai ya ƙara mini ya haura Yuro 5,800, kuma ni mai sa'a ne tunda saniya na samu. An yi sabuwar dokar kayan tarihi a 2023 da ake aiwatarwa kashi-kashi, don haka a tabbatar da wa'adi da fom na yanzu daga hukumar kanta.

Surukata ta iso a watan Afrilu. Gadonta yana daidai saman inda gwalalon nan ya ratsa, na san haka don zanen yana cikin aljihun tebur tare da takardun gida. Maƙwabciyarmu ta shigo ganin ɗaki, na ba ta kwafin rahoton, ta sa tabarau ta daɗe a kan hoton ramin na biyu. Sai ta ce mahaifinta ya sha faɗa cewa dankali ya fi girma a wannan ɓangaren lambun, ba su taɓa sanin dalili ba.